Samun Nawa Ne Zai Riƙe Motar Tsere a Sakkwato?

Bayan ƙaramar Sallah muka je wani ɗaurin aure a cikin garin Sakkwato, ni da ɗan ƙanwata wanda bai daɗe da kammala digirinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba. Ana cikin gaisawa sai ga wata jar mota ta shigo layin, gajera ƙwarai kamar an danne ta da tafin hannu, ƙararta har cikin ƙirjin mutum. Lambar Abuja ce a jikinta. Da ta iso tudun simintin nan da mutanen unguwa suka yi don rage gudun 'yan kabu-kabu, sai ta tsaya cak. Matuƙin ya ja baya, ya karkata kanta, ya hau tudun a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka sai da muka ji ƙiii, ƙasan bambar ya karci siminti. Wasu yara suka ruga suka ɗauko katako don tudu na gaba.

Yaron nan bai ko lura da karcin ba. Ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, don Allah nawa mutum zai riƙa samu kahin ya hau irin wagga?"

Na ce masa ya bari mu koma gida, ya nemo takarda da biro. Tambayar tasa ta cancanci amsa ta gaskiya, domin samari da yawa suna yin ta a zuci, kuma wasu suna amsa wa kansu da amsar da ke cinye musu jari.

Abin da muka fara rubutawa shi ne kuɗin motar a inda ake ƙera ta. Motocin nan hawa-hawa ne. Chevrolet Corvette sabuwa tana farawa daga wajen dala 70,000 a Amurka. Porsche 911, wadda ake yi a Jamus tun shekarun 1960, ta haura dala 120,000 ko da mafi sauƙinta ce. Ferrari ta garin Maranello da Lamborghini ta Sant'Agata, duka a Italiya, ƙananansu suna kewayen dala 250,000 zuwa sama, kafin a ƙara kayan ƙawa da mai saye ke zaɓa. Can ƙololuwa akwai irin su Bugatti Chiron, wadda guda 500 kacal aka yi, kowace a kan wajen dala miliyan 3. Muka bar wannan, muka ɗauki ta dala 250,000, don ita ce irin wadda muka gani.

Idan aka sa dala a kan naira 1,500, kuɗinta ya kama naira miliyan 375. A nan na tsayar da shi, don wannan layin shi ne ginshiƙin maganar duka. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala tana wajen naira 460 a hukumance, a wurin 'yan canji kuwa wajen 750. Motar nan a lokacin miliyan 115 ce ga mai samun dalar banki, ko miliyan 187 da 'yan kai ga mai sayen ta bayan fage. Ba a ƙara mata ko ƙusa ɗaya ba, amma kuɗinta ya ninka. Ɗan kasuwar Sakkwato da naira yake sayar da albasarsa da shinkafarsa da fatunsa, motar kuwa da dala take ci tun daga ranar saye har ranar rabuwa. Duk lissafin da bai fara da wannan ba, ya ɓaci tun daga tushe.

Sannan sai an kawo ta. Tun farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa masu bin hanyar Kwatano da Birnin Ƙonni da Illela, ya mayar da harkar tashoshin jirgin ruwa na Legas. A can akwai kuɗin fito, da ƙarin harajin motoci da ake ɗorawa, da harajin VAT na kashi 7.5, da cajin tasha, da ladan ejan mai fitar da kaya. Gwamnati kan sauya adadin wasu daga ciki lokaci zuwa lokaci, kuma kwastan da farashin dala na ranar suke lissafi. Muka ɗauki kashi 40 cikin ɗari a takardarmu, wato miliyan 150. Muka ƙara wasu miliyoyi kaɗan na kwantena da na motar da za ta goyo ta daga Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Ta tsaya a ƙofar gida a kan naira miliyan 530. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, sai ya yi sama da shekara 600 bai ci bai sha ba kafin ya tara wannan.

Yaron ya ajiye biro, a zatonsa an gama. Alhali kuɗin saye shi ne sashen da ya fi sauƙin fahimta.

Masu ba da shawara kan kuɗi a Amurka suna da wata ƙa'ida ta sayen mota da suke kira 20/4/10. Ka biya kashi 20 nan take, bashin kada ya wuce shekara 4, sannan duk abin da motar ke ci a wata, da biyan bashin da inshora da mai, kada ya wuce kashi 10 na abin da kake samu. In aka auna motarmu da ita a can, za a biya dala 50,000, a ci bashin 200,000. Da ruwan kashi 7 a shekara, biyan wata zai kama kusan dala 4,800, in an haɗa da inshora da mai da gyara ya doshi 6,000. Ke nan sai mai samun dala 60,000 a wata, sama da 700,000 a shekara. Ko a Amurka mutane ƙalilan ne ke wannan matakin.

Kawo ƙa'idar gida ka ga yadda take komawa. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma a saman wannan suke ɗora nasu. Da kashi 30 muka yi lissafi. An biya miliyan 106, an ranto 424 na shekara 4. Biyan kowane wata ya haura miliyan 15, kuma kafin a gama an ba banki ruwan da ya wuce miliyan 300, fiye da rabin kuɗin motar. Don wannan ya zama kashi 10 na samun mutum, sai yana samun abin da ya kusanci biliyan 2 a shekara, tun ba a zuba mata lita ɗaya ba. Ga kuma maganar riba, wadda yawancin mutanenmu ba za su kusance ta ba. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da tsarin murabaha: su sayi kaya su sayar maka da ribar da aka yi yarjejeniya a kanta, ka riƙa biya a hankali. Ya halatta, amma ribar tasu ma tana duba tsadar kuɗi a kasuwa, saboda haka nauyin wata-wata bai gushe ba. Shi ya sa a ƙasar nan irin wannan mota da kuɗi hannu ake sayenta, kuma tambayar ta tashi daga "nawa zan riƙa biya" ta koma "nawa za ta riƙa ci, kuma me na cire daga kasuwa don in same ta".

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne dokin hawan Sallah. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗaure doki ya san sayensa rana ɗaya ce. Abin da ke biyo baya shi ne dawa da dusa da harawa da kanwa, da yaron barga, da magani, da kayan hawa, kullum, ko an hau ko ba a hau ba. Dokin da ake fita da shi sau biyu ko uku a shekara yana cin abincin kwana 365. Gidajen da suka daina riƙe doki a Sakkwato, akasarinsu ciyarwar ce ta gagare su.

Muka jera abincin wannan dokin na ƙarfe. Inshora ce kan gaba. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da ƙaramar inshorar mota naira 15,000, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani har miliyan 3, ba ta biyan taka. Cikakkiyar inshora kuwa an ƙayyade kada ta gaza kashi 5 na ƙimar motar. A kan miliyan 530, wannan miliyan 26 da rabi ne duk shekara. Mutum yana iya bin hanyar takaful, wato inshora ta tsarin Musulunci, in yana ƙyamar inshorar gargajiya, amma ba zai iya tsallake ta gaba ɗaya ba, domin a titin da keke Napep da kabu-kabu da amalanke ke gogayya, fitila ɗaya ta irin wannan mota ta fi kuɗin keken da ya fasa ta.

Taya huɗu na Pirelli ko Michelin masu girman nan sukan kai wajen dala 2,000, miliyan 3 ke nan, kuma robarsu mai taushi ce don ta kama titi, ba ta daɗewa. Faifan birki na yumɓun kabon da ake sa wa yawancinsu, in ya lalace, dubban daloli ne masu yawa. Kamfanin Ferrari yana ba sabuwar mota sabis kyauta na shekara 7, amma a garejin dillalinsa mai izini ake yi, ba a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ba. Porsche ta buɗe cibiya a Victoria Island ta Legas a 2012, sai dai daga Sakkwato zuwa can tafiya ce ta yini da dare a bayan babbar mota. Saboda haka ko dai a ɗauki motar a kai ta, ko a biya wa ƙwararren makaniki kuɗin jirgi da masauki ya zo da kwamfutarsa. Muka ware miliyan 15 a shekara na sabis da kayan gyara da wannan zirga-zirga, sai miliyan 3 na maigadi da mai wanki da gyaran garejin da ƙura ba ta shiga.

Da muka zo kan mai, yaron ya yi mamaki, don shi a nan yake tsammanin wahalar take. Wanda ya yi tafiyar kilomita 5,000 a shekara, motar tana shan lita 20 a kowane kilomita 100, lita 1,000 ya ƙona. Ko an sa lita a naira 1,000, miliyan 1 ne kacal, mafi ƙanƙanta a jerin duka. Matsalar mai tana wajen ingancinsa. Injinan nan an gina su ne don mai mai lambar oktan 98, wanda ake sayarwa a gidajen manmu kuwa a kan 91 aka ƙayyade shi. Kwamfutar motar za ta rage ƙarfin injin don ta kāre shi, wato ka biya kuɗin gudun da ba za ka samu ba. In kuma aka yi rashin sa'a da gurɓataccen mai, irin wanda ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya lalata motocin jama'a, ɓarnar a nan ta miliyoyi ce.

Sai ƙasar kanta. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, injin da ke bayan kujerar direba kuma iskar gudu yake buƙata don ya huce, ba cunkoson bakin Babbar Kasuwa ba. Da hunturu ƙurar nan mai laushi kamar gari tana toshe matatar iska da lagireto. Da damina, wanda ya san yadda ruwa ke kwanciya a Mabera ya san motar da tsakaninta da ƙasa bai fi tsawon tafin hannu ba ba ta da hanya a wurin. Wasunsu suna da na'urar ɗaga hanci da kamar santimita 4, abin da bai hana jar motar nan karcin siminti ba.

Jimillar abin da za a zaro daga aljihu ta kama wajen miliyan 50 a shekara. A kan wannan akwai asarar da ba a gani, wato faɗuwar daraja. A nan mutanenmu da yawa suke ruɗuwa, kuma ina ganin dalilin. Mutum ya sayi mota miliyan 10 a 2021, ya sayar miliyan 18 a 2024, sai ya ce ai mota ba ta faɗuwa, har riba ya ci. Ya mance cewa miliyan 18 ɗin ba za ta sayo masa irin motar ba a ranar, kuma in ya mayar da su dala ko buhun gero zai ga abin da ya rasa. Nairar ce ta faɗi fiye da yadda motar ta faɗi. Gaskiya ne akwai 'yan ƙalilan na Ferrari da Porsche da ake yi kaɗan, waɗanda darajarsu ke tashi, amma waɗannan sai da cikakken tarihin sabis a wurin dillali, abin da motar da ta zauna a nan ba za ta samu ba. Ga ƙarancin masu saye: ranar da ka matsu, mai iya biya yana Legas ko Abuja, kuma ya san ka matsu. Muka sa kashi 10, miliyan 53.

Miliyan 100 ke nan a shekara, a taƙaice. In aka bi ma'aunin kashi 10, amsar tambayar yaron ita ce samun naira biliyan 1 a shekara, sama da miliyan 80 kowane wata, bayan an riga an mallaki miliyan 530 da za a iya cirewa kasuwa ba ta girgiza ba. Kuma samun da ya rage bayan haraji ake nufi, domin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 tana karɓar kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50 a shekara. Ban ma sa abin da kuɗin za su haifa da an bar su suna juyawa ba. Sukuk na farko, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ya biya kashi 16.47 a shekara. Ko da kashi 15 aka yi, miliyan 530 za su kawo kusan miliyan 80 mutum yana zaune.

Kalmar "samu" ita ce na fi tsayawa a kanta da shi, don a nan Bature da Basakkwace suka rabu. Wanda ya tsara ƙa'idar kashi 10 yana tunanin mai albashi ne, wanda kuɗinsa ke shigowa daidai kowane wata, yana da fansho da inshorar lafiya, iyalinsa mutum huɗu. Mai kuɗin Sakkwato yawanci ɗan kasuwa ne ko ɗan kwangila. Shekarar da albasa ta yi tsada bayan ya ajiye, ko aka biya shi kuɗin kwangilar da ya daɗe yana bi, zai ga miliyoyi sun taru a asusu lokaci ɗaya. Wannan ba shi ne samunsa ba. Samunsa shi ne matsakaicin shekara biyar, da mai kyau da marar kyau, bayan an cire jari da bashin mutane. Na ga waɗanda suka auna kansu da shekararsu mafi kyau, suka sayi abin da sai irin wannan shekarar ce za ta iya ciyar da shi, ita kuwa ba ta dawo ba.

Sannan samun nasa ba nasa ne shi kaɗai ba. A binciken talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, Sakkwato ce ta zo kan gaba, da kusan kashi 91 na jama'arta. A irin wannan wuri mai hali shi ne asibitin dangi, shi ne makarantarsu, shi ne hatsin azumi da ragon layya da kayan ɗakin marainiya. Kashi 10 na Bature, a wurinmu ya kamata ya koma 5. Motar kanta tana ƙara wannan nauyi, don wanda ya gan ka a cikinta ba zai yarda ka ce babu ba. Kuma a lokacin da hanyoyin Isa da Sabon Birni suke yadda suke, motar da kowa ya san mai ita daga jin ƙararta tana jawo kuɗin tsaro da ba a rubuta a takardar saye ba. Malamai sun ce babu zakka a kan abin hawan mutum, kuma jin daɗin halal ba laifi ba ne. Amma na nuna wa yaron cewa miliyan 530 da suna cikin kasuwa, zakkarsu ta kashi 2.5 ta haura miliyan 13 duk shekara, kuma da zarar sun zama mota wannan rabon ya tsaya. Mai dukiya ne zai auna wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

Attajiran garin nan da suka daɗe cikin kuɗi sun yi wannan lissafin tuntuni, shi ya sa Land Cruiser da Lexus da Hilux suka cika gidajensu. Wasunsu ba su fi Porsche arha ba, amma suna shiga ƙauye, makanikin Toyota yana kowace kusurwa, kayan gyara suna Kano, kuma ranar sayarwa ba a neman mai saye. Kamfanonin motocin tseren ma sun bi wannan hanya: Porsche ta fito da Cayenne a 2002, Lamborghini da Urus a 2018, Ferrari da Purosangue a 2022, duka masu tsayi daga ƙasa.

Wanda na fi jin tsoro dominsa ba mai Ferrari ba ne, don wanda ya iya fitar da rabin biliyan yawanci yana da abin da zai tare faɗuwa. Tsorona yana kan saurayin da ya samu miliyan 50 ko 60, gado ko cinikin fili ko wata harka da ta faɗo, ya sayi tsohuwar Mustang ko Camaro ko Mercedes mai babban inji. Ta dala 25,000 tana isowa a kan wajen miliyan 55. Da yawa daga cikin irinsu daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci a Amurka suke fitowa, a gyara jiki a fesa fenti, kuma ba kowa ke bin lambar shasi ya duba tarihinta ba. Inshora da taya da mai da gyara za su ci kusan miliyan 10 a shekara. Mai irin wannan, ko an sassauta masa zuwa kashi 20, yana buƙatar miliyan 4 tabbatattu kowane wata. Akasarinsu kuɗin motar ne dukan abin da suka mallaka.

Akwai ɗaya a garejin da nake kai tawa juyen baƙin mai. Baƙa ce, an rufe ta da tamfol, tayoyin sun sace har ƙarfen ya kusa taɓa ƙasa, awaki sun mayar da inuwarta wurin kwanciya. Na ɗaga tamfol ɗin na ga ƙura ta yi kauri a gilashi har yara sun yi rubutu da yatsa. Na tambayi makanikin, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, wata bakwai ke nan. Giyarta ta tahi, sai an aiko daga waje. Mun gaya mishi kuɗɗin, ya ce a jira. Dillalai sun zo, abin da sunka taya ko rabi bai kai ba." Mai ita, in ji shi, a kabu-kabu yake zuwa dubata.

Kwana biyu bayan ɗaurin auren, ɗan ƙanwar tawa ya kira ni da safe daga hanyar Gusau. Ya ce ga jar motar nan a bayan wata babbar mota, an ɗaure tayoyinta da bel, an nufi Abuja da ita. Ya tambayi yaron motar, aka ce masa haka aka kawo ta ma, a bakin gari aka sauke ta. Ya ce, "Kawu, wanga ba mu sa shi ga lissahi ba." Na ce ya ƙara shi a ƙasan takardar, zuwa da komawa.